Oda Talatin Kafin Juma'a

Ranar Litinin abin ya fara, ana wani yayyafi mai naci, irin wanda ba ya hana mutum fita, ba ya kuma barinsa ya dawo a bushe. Auta ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna cikin wandonsa na zuwa unguwa, da jaka a kafaɗa, yana jiran a sa masa albarka.

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Wannan sana'a ta nawa ke nan?"

"Inna, waɗancan ai gwaji ne."

"To, gwaji na nawa?"

Na biyar ne. Tun da ya bar makaranta ya yi facin taya wata biyu, ya yi wankin mota sati uku, ya bi babbar mota tafiya ɗaya tak ya dawo da ciwon baya. Inda ya fi daɗewa shi ne shagon Kawu, ƙanin Inna, kafinta. Wata bakwai ya yi a can, ba a taɓa miƙa masa zarto ba. Safe samfefa, rana samfefa, har yatsunsa suka yi sulɓi kamar ragowar sabulu.

Wannan karon kuwa ya ce ya samu hanya. Wata mata ce da kowa ke kira Madam, mai ofis a wani ɗan ɗaki a saman shagon magani, ta zaunar da su su tara a kan benci ta yi musu bayani. Ba haya, ba dakon kaya, ba ubangida. Littafi ne kawai mai hotuna, katalog sunansa, shafi sittin masu sheƙi. A ciki akwai bokiti mai famfo, da wuƙar da ke yanka albasa ba hawaye, da igiyar shanya mai naɗe kanta, da akwatunan roba, da tukwanen shuka. Ka bi gida gida ka ajiye, bayan kwana biyu ka koma ka karɓi abinka tare da oda da rabin kuɗi. Kamfani ya kawo kaya, kai ka ɗauki kamashonka.

"Akwai wanda ya sayi babur a wata huɗu," in ji Madam. Ba ta faɗi ko wane ne ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Sai da suka sa hannu sannan ta karanto sauran. Littafin saye ake yi, kamfani ba ya ba da aro. Sabon shiga sai ya kawo odar gida talatin kafin sha biyun ranar Juma'a ta biyu, in ba haka ba a soke sunansa, kuɗin littafi kuma sun bi ruwa. Odar da ta shiga hannunta kuwa ta shiga, ko mai ita zai yi birgima a ƙasa ba a fasawa.

Auta ya sayar da tantabarunsa goma sha biyu, ya sayi littafi arba'in.

Da labari ya kai wa Kawu, sai ya zo har gida da fensir a bayan kunne. Ya buɗe katalog, ya kai hanci ya sansana, ya ce wa Auta, "Manaja, takardar dai tana da kyau."

"Kawu, duniya ta canza. Yanzu da baki ake neman kuɗi."

"Bakin kam Allah ya ba ka. To ga sharaɗi a gaban yayata. In ka cika talatin ɗin nan na sakar maka mara, ko a hanya muka haɗu ni zan fara gaishe ka. In ba ka cika ba, ka dawo bencin shagona shekara guda cur. Ba ƙorafi, ba ciwon kai ranar Litinin."

Auta ya miƙa hannu suka tafa. Inna ta ce ita ce shaida, kuma ita ba ta mantuwa.

Madam ta ba shi layin da ke bayan tashar mota, can nesa da unguwarsu, inda ba wanda ya san shi. Gida hamsin ne ko fi, jere da juna kamar magini ɗaya ne ya zuba su rana ɗaya. Katanga iri ɗaya, ƙofar ƙarfe iri ɗaya, lamba ko ɗaya babu. Auta ba wawa ba ne, da alli ya zo a aljihu. Duk gidan da ya bar littafi sai ya ja ɗan layi a jikin katanga. Ya raba ashirin, ya koma gida yana tunanin kalar babur.

Talata aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Laraba da ya koma ya tarar da katangu fes, ba alli ba dalilinsa.

A nan ya gane rabon littafi wasa ne, karɓowa shi ne aikin. Ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi kamar mai cigiyar akuya. Wani gida aka ce ba a ga kowa ba. Wani gida aka ce yara sun yanke hotunan sun manna a bango. Wata mata ta miƙo masa nasa da shacin gindin tukunya a kai. Wani mutum ya zaro shi daga ƙarƙashin ƙafar tebur, tebur ya karkace, ya bi Auta da harara kamar shi ya sassaƙa teburin. Mai aski, wanda shagonsa ke bakin layi, ya tambayi farashin kaya tun daga shafi na ɗaya har na sittin, ya yaba kowanne, sannan ya ce a bar masa littafin, masu jiran aski suna jin daɗinsa.

Sha uku ya samu cikin ashirin. Oda kuwa ko ɗaya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Auta ya rantse shi da alli har abada. Alhamis da sassafe ya biya ta shagon Kawu kafin a buɗe, da yake ya san bulon da ake ɓoye makulli a ƙarƙashinsa. Ya ɗauki gwangwanin jan fenti da buroshi, ya haɗa da rigar ruwan Kawu, rawaya mai hula, don ya ga hadari ya haɗo. Aro ne, sai dai mai kayan bai sani ba.

Amma ɗan kasuwa ba ya sallama da gwangwanin fenti a hannu. Sai ya ɓoye kayan a bayan katangar tasha, ya bi layi ya raba littafi talatin da uku, kowane gida ya ajiye ɗan dutse a gefen ƙofa. Da tsakar rana ruwa ya kece, kowa ya shige ɗaki. Da ya ɗan tsagaita, Auta ya zura rigar ruwa, ya ja hula har gira, ya maƙale takardun oda a hammata, ya bi duwatsunsa. Kowace katanga ya ja mata layi biyu a gicciye, manya, yadda ko daga tasha za a hango. A ƙasa ya rubuta lambar littafin da ke gidan, daga ɗaya har talatin da uku. Fentin mai ne, ruwa bai isa ya wanke shi ba, sai dai ya sa shi tsiyaya ƙasa. Ya ja da baya ya dubi aikinsa, ya ce a ransa ilimi ba a aji kaɗai yake ba.

Litinin ta zagayo da rana tas. Bai gama ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa gida mai lamba ɗaya ba aka buɗe. Wani Tsohon Soja ne, dogo, da farin gashin baki da singileti mai karin guga.

"Kai ne mai littafi? Rubuta. Akwatin roba babba, huɗu. Igiya, naɗi biyu. Kwaɗo uku."

"Baba, akwai kuma wata wuƙar albasa..."

"Na yi maka kama da mai lokacin albasa? Kwana nawa kayan ke yi?"

"Kwana uku bayan Juma'a."

Tsohon Soja ya ƙirga da yatsu. "Da sauran lokaci. Wuce."

A gida mai lamba biyu wata tsohuwa ce ita kaɗai, da bishiyar lemo da ta cinye rabin tsakar gida. Ta riga ta naɗe kunnen shafi na arba'in da ɗaya.

"Ɗan nan, wannan tukunyar shukar, babbar cikinsu, bishiya za ta shiga?"

Auta bai taɓa ganin tukunyar ba sai a hoto. Ya ce, "Kaka, har da inuwarta."

"To rubuta mini ɗaya. Littafin kuma ka bar mini zuwa Juma'a, in riƙa kallonta." Ta kwance bakin zane ta ba shi rabin kuɗi, ta ƙara masa da lemo biyu na shan hanya.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen layi. Jakar tufafi, akwati, igiya, ɗan amalanke mai naɗewa. Ba wanda ya kalli bokiti mai famfo. Fuskoki ba walwala, amma hannaye a sake. Wata mata ta ce masu akwati a kasuwa sun ninka kuɗi don rashin tsoron Allah, gara nasa da ake biyan rabi a kawo har gida. Auta ya ce ai kamfaninsu na talaka ne. Ya ga ta share hawaye, ya ɗauka daɗin farashi ne.

Oda sha tara a wuni ɗaya. Ya shiga gida yana taku ɗai-ɗai.

"Inna, ki fara tunanin inda za a riƙa ajiye babur."

"A wurin tantabaru mana. Ai ya zama fili."

Laraba kafin rana ta raba, oda ta kai ashirin da bakwai. Amma wani abu ya tsaya masa a rai. Shi ya san gicciye talatin da uku ya ja, yau kuwa ya ƙirga arba'in da ɗaya. Wasu jansu ya fi nasa duhu. Lamba bakwai ta zama gida biyu. Akwai ma wani gida mai lamba ɗari. Ya ƙwanƙwasa ya tambayi littafinsa, mai gidan ya ce shi ba a ba shi ba, amma in akwai saura yana so.

Ya shiga wurin mai aski, rabi don ya gyara fuska irin ta masu babur, rabi don ya ji ƙanshin zance. Mai aski ya yafa masa ƙyalle, ya ɗaure a wuya, ya kunna inji.

"Kai kam ka zo a sa'a, mai littafi. Faɗuwar wani, tashin wani."

"Wa ya faɗi?"

"Au, ba ka sani ba? Kullum kana bin gidajen nan ba ka ga jan fenti ba? Rushe layin za a yi, titin tasha za a faɗaɗa. Shekara goma ana faɗa muna dariya, ga shi ya zo. Kwana talatin ake bayarwa, daga nan sai katafila. Da lamba ɗaya za a fara, a bi da bi."

Auta ya zabura a kan kujera.

"Wa ya ce?"

"Sai an ce? Da idona na ga jami'in ranar Alhamis, ana yayyafi. Rigar ruwa rawaya, takardu a hammata. Ƙato, ya yi biyunka. Daga farar mota ya sauko."

"Mota?"

"A tasha ya ajiye ta. Har magana na yi masa, na ce ranka ya daɗe, ina talaka zai sa kansa? Ya ce mini umarni ne daga sama. Ka daina motsi, zan yanke ka."

Wani mai jiran aski ya ɗago kai daga katalog ɗin Auta, ya ce, "Jiya baƙar mota ka ce."

"Biyu ne motocin."

A ƙarƙashin ƙyalle Auta ya dunƙule hannayensa. Kwana shida yana wanki, amma jan fentin yana nan a gindin faratansa.

"Na ga kuma kamar alamar ta ƙaru," ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba.

Mai aski ya kashe inji, ya rage murya. "An ce akwai diyya. Wanda ba a shafa wa ba ya ga za a yi rabo babu shi, shi ne wasu suka sayo nasu fentin. Ni dai ban ce ga wanda ya yi ba."

Ta cikin madubi Auta ya hango wani ɗan sabon gwangwani a ƙarƙashin benci, an rufa masa tawul.

Ya biya, ya fito da kai sumul. Saura oda uku, saura kwana biyu. Duk hanyar gida shari'a yake yi da kansa, kuma shi ne lauya. Shi dai bai ce wa kowa za a rushe gida ba. Bai zo da farar mota ba, balle baƙa. Akwati kuma ba ya ruɓewa, ko ba a tashi ba mutum ya zuba tsummokaransa. Da zarar sha biyun Juma'a ta wuce zai zo da kananzir da tsumma ya goge katangu, ya ce... to, zai san abin da zai ce. Can sai ya tuna ƙurar katako a hanci, shekara guda cur, lauya ya ci shari'a.

Alhamis ya koma kai a sunkuye, ya samu oda biyar, wasu ma daga gidajen masu sabon fenti. Da ya zo wucewa ta lamba ɗaya, ya ga Tsohon Soja ya cire ƙofar ɗakinsa da taga biyu ya jingine, ya sauke kwanon rufin kicin ya jera, yana miƙar da ƙusoshi da guduma yana zubawa a gwangwani.

"Ko ƙusa ɗaya ba zan bar wa abokan gaba ba," in ji shi.

Auta ya ce sannu da aiki, ya ƙara sauri.

Da yamma ya tarar da Kawu a gida yana kai wa Inna ƙara.

"Yaya, ɓarayin yanzu ba su da tsari. Sun bar zarto, sun bar injin huda katako, sun ɗauki rabin gwangwanin fenti da tsohuwar rigar ruwa. Manaja, nawa aka samu?"

"Talatin da biyu, Kawu."

Kawu ya zare fensir daga bayan kunne, ya duba shi, ya mayar. "To. Gobe sai in fara koyon gaisuwa."

Auta ya daɗe yana jiran wannan magana, amma da ta zo sai ya ji ta salam, kamar shayi ba sukari. Inna ta tura masa kwanon abinci, ya tsakura ya ture.

"Mai babur ba ya cin irin namu ne?" Ta dubi hannayensa. "Tun jiya hannun nan a dunƙule yake. Ko dambe ne gwaji na shida?"

Da a ce ranar Juma'a ya wuce ofishin Madam kai tsaye, da labarin nan ya canza. Amma littafi kuɗi ne, akwai kuma guda ɗaya a lamba biyu. Ya ce bari ya biya ya karɓa, daga tasha zuwa ofis ai rabin awa ne.

Tun daga ƙofa ya ji sara. Ya shiga ya tarar an haƙa rami kewaye da bishiyar lemo. Wani babban reshe yana kwance a ƙasa da 'ya'yansa kore shar. Tsohon Soja yana cikin ramin da gatari, gumi ya jiƙa singileti. Kaka tana zaune a kujera 'yar tsugunne, katalog a buɗe a cinyarta.

"Yauwa ɗan nan, ka zo daidai. Zo ka gaya masa faɗin tukunyar, kada ya rage saiwar fiye da kima."

Tsohon Soja ya share goshi. "Na gaya mata ba za ta rayu ba. Bishiyar da ta kai wannan shekaru ba a cirarta. Ta ce a yi. Ni kuma umarni na sani."

"Shekarar da muka rufa ɗakin nan marigayi ya dasa ta," in ji Kaka. "Ko gwiwa ba ta kai ba. Da kofin shayinsa yake ba ta ruwa, ina yi masa dariya. Ɗaki su ɗauka, bulo ne. Wannan kam ba zan bar wa katafila ba."

Auta ya karɓi littafin. A ƙasan hoton akwai wani ɗan siririn rubutu da bai taɓa karantawa ba, faɗi da zurfin tukunyar. Bokitin wankan Inna ya fi ta girma. Ya saci kallon agogon hannun Tsohon Soja, goma da rabi ta ɗan gota. Takardun oda talatin da biyu suna cikin jakarsa, a jere, ya ma sa musu roba.

Tsohon Soja ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara tsayuwa a kan uwar saiwa, ya ɗaga gatari.

"Baba, dakata."

"Mene ne?"

"Ba za a rushe ba."

"An fasa ne?"

"Dama ba a yi niyya ba. Ni ne na shafa fentin. Don in gane gidajen da na bar littafi."

Gatari ya sauko a hankali. Tsohon Soja ya dube shi, ya ce, "Yaro, tausayi abu ne mai kyau, amma ba a yi wa manya ƙarya. Jami'in ƙato ne."

Auta ya buɗe hannayensa ya nuna farata.

"Jan farce ai ko jikata tana da shi," in ji Tsohon Soja.

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai a duk wannan lamari shi ne, sai da ya sha wahala kafin a yarda shi ne mai laifi. Tsohon Soja ya tasa shi gaba har bayan katangar tasha, ya zaro gwangwani da buroshi da rigar ruwa. Kafin su dawo layi ya cika, har da masu goyo. Aka ce ya sa rigar. Ya sa, ya ja hula har gira, ya maƙale takardu a hammata.

Mai aski ya zagaya shi sau biyu, ya girgiza kai. "Wancan ya fi shi tsawo."

"Ina motar?" wani ya tambaya daga baya.

"Wace daga ciki?" in ji wani.

Tsohon Soja ya ɗauko fallen kwano ɗaya daga rufin kicinsa, ya ce Auta ya rubuta bakwai. Auta ya rubuta. Tun yana makaranta bakwai ɗinsa take fitowa a lanƙwashe kamar lauje, malamai uku sun yi fama sun bari. Aka ɗauki kwanon aka kai jikin katanga mai lamba bakwai ta asali, aka kai sha bakwai, aka kai ashirin da bakwai. Lauje, lauje, lauje.

Masu sabon fenti suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mai aski ya tuna ya bar mutum da rabin kai. Wani magidanci, wanda shekaranjiya ya wanke mai gidan hayarsa tas don ya ɗauka sun rabu ke nan, ya zauna a bakin kwata ya riƙe kai. Sannan hayaniya ta tashi, wata mata ta cire takalmi.

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji Tsohon Soja. Bai ɗaga murya ba, amma takalmi ya koma ƙafa. "Wanda aka daka ba ya iya fenti."

A nan tsaye ya yanke hukunci. A mayar wa kowa kuɗin da ya bayar, a bi lamba, ba turereniya. Katangu arba'in da ɗaya Auta zai shafe su da farin fenti, har da waɗanda ba shi ya ɓata ba, tunda shi ya koya wa mutane. Ƙofa da tagogi da rufin kicin kuma a nemo kafinta.

"Akwai kawuna," in ji Auta, ƙasa-ƙasa.

Yana miƙa wa lamba sha huɗu kuɗinta agogon Tsohon Soja ya yi 'yar ƙara. Sha biyu. Auta bai ɗago kai ba, ya ce, "Sha biyar."

Kowa ya karɓi kuɗinsa ban da Kaka. Ta ce a bar mata tukunyarta, reshen da aka sare za ta gwada ko zai kama. Sannan ta ja kunnen Auta, ba da wasa ba, ta ƙara masa lemo biyu.

Ƙarfe biyu ya hau benen Madam da oda ɗaya. Ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, biro a baki.

"Talatin da biyu a jakarka, ofis rabin awa, ka tsaya surutu?"

"Bishiyar ce, Madam."

"Bishiya tana cikin katalog?"

Ta ja layi a kan sunansa, ta turo masa odar Kaka, ta ce ba a karɓar oda daga wanda ba ma'aikaci ba. Ya kai bakin ƙofa ta kira shi.

"Kai. Wane irin fenti ne?"

Auta ya sauka abinsa.

Kawu ya zo layin da akwatin kayan aikinsa don ƙofa ɗaya, ya ƙare da sati biyu. Ashe ba Tsohon Soja kaɗai ya yi wa gidansa fiɗa ba. Wannan ya kwance gado, wancan ya ɓalle kanta, wata ta cire silin. Auta yana fenti a waje, yana jiyo Kawu a ciki yana ciniki cikin nishaɗi.

"Manaja, ashe da gaske da baki ake neman kuɗi. Shekara ashirin ban samu aiki a jere haka ba. Yaushe za ka shiga layi na gaba?"

Rigar ruwa dai Kawu ya karɓi abarsa. Ranar da Auta ya koma benci, Kawu ya watso masa guntayen katako, ya ɗora zarto a kai.

"Ka yi wa tsohuwa alkawarin tukunya. Je ka cika."

Akwatin shukar ya fito a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kaka ta ce ai ƙasa ba ta san karkata ba. Bishiyar tana nan, da gibi a gefen da aka sare.

Da yamma Inna ta tambaye shi, tunda ita ce shaida, ko sana'ar littafi tana da riba. Auta ya ce wataƙila tana da ita a wurin mai sayar da littafin. Ta ce to ya faɗa mata abin da ya tafi, kada ya rage. Ya faɗa.

Tantabaru goma sha biyu, biyu sun dawo da kansu, mai su ya biyo sawu ya karɓe. Littafi arba'in, bakwai sun ɓata, sauran suna shagon Kawu ana goge buroshi da su. Rabin gwangwanin jan fenti. Galan biyu na fari. Wandon zuwa unguwa ɗaya. Kuɗin aski. Reshen lemo ɗaya. Shekara ɗaya.